Ina Taragon Abinci Ya Shige? Ci Da Sha A Jirgin Ƙasan Sudan, Jiya Da Yau

Duk wanda ya saba zama da dattawan garuruwanmu na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, tun daga unguwannin Hausawa na Wad Madani har zuwa Mai Wurno da Sinja da Damazin, ya san cewa idan hirar jirgin ƙasa ta taso, ba a daɗewa sai ta koma kan abinci. Wani zai tuno shayin da ake kawowa a kan faranti tun jirgi bai gama fita daga tasha ba. Wani zai tuno farin ƙyallen da ya hango ta taga an shimfiɗa a teburin taragon cin abinci. Wani kuma ƙamshin agashe a tashar Sinnar da almuru ne har yau bai bar hancinsa ba. Samarin yanzu kan ji wannan labari kamar tatsuniya, domin da yawansu sun tashi ba su taɓa ganin jirgin fasinja ya tsaya a garinsu ba, balle su ci abinci a cikinsa.

Mun ga ya dace mu ɗauko wannan magana a wannan shafi, duk da wani zai iya cewa ana ta kai wa yake ta kaya, ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita ina ita ina zancen cokali da faranti. Dalilinmu shi ne, duk ranar da za a zauna shirin sake gina dogon Sudan, maganar ƙarfe da kan jirgi da gada ce za ta cika teburi, maganar abin da matafiyi zai sa a cikinsa kuwa ita za a bari a ƙarshe, ko ma a manta da ita. Alhali kuwa tarihin wannan dogo ya nuna cewa a wurin girki ne lalacewarsa ta fara bayyana, kuma da girkin ya mutu, ya tafi da abincin dubban gidaje da suke rayuwa a gefen tashoshi, cikinsu har da gidajenmu.

Dogo Da Kakanninmu Kusan Tare Suka Iso

Idan mai karatu bai manta da tarihi ba, babban dogon Sudan da muka sani don yaƙi aka shimfiɗa shi. Sojojin Ingila da na Masar, a ƙarƙashin Janar Kicina, su ne suka jawo shi daga Wadi Halfa a 1897, suka ratsa hamada da shi zuwa Abu Hamad. Ya isa Atbara a 1898, ya kuma kai Khartum Bahri a ƙarshen 1899. A 1906 aka haɗa Atbara da gaɓar Bahar Maliya. Daga nan aka gangaro kudu, kafin ƙarshen 1910 dogo ya ratsa Wad Madani da Sinnar ya isa Kosti, a farkon 1912 kuma aka buɗe shi har Al-Ubayyid. Wato kusan lokaci guda ke nan da isar jirgin ƙasa Kano a 1911, kuma faɗin ƙarfen nan da na can iri ɗaya ne, ƙafa uku da rabi.

A daidai waɗannan shekaru ne kakanninmu suke ta kwararowa gabas. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'ar Fulani da Hausawa har bakin Shuɗin Nilu, inda aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. Baya ga su, ga alhazan ƙasa da suke tasowa daga Kano da Barno, su bi ta Fort Lami, wadda ake kira Njamena a yau, su wuce Abeshe da Junaina da Fashir da Nuhud a ƙafa ko a kan jaki, sai a Al-Ubayyid su ga jirgi. Mai kuɗin tikiti ya hau ya nufi Sawakin ya tsallaka Jidda. Wanda guzurinsa ya ƙare kuwa sai ya tsaya neman kuɗi, musamman bayan da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe suna neman masu tsinka.

A 1929 aka haɗa Sinnar da Gadarif da Kasala, ya zama ana iya zuwa Fot Sudan ba sai an bi ta Khartum ba. A shekarun 1950 aka ja reshe zuwa Damazin, a 1959 dogo ya isa Niyala, a farkon shekarun 1960 kuma ya kai Wau. Da haka Sinnar ta zama mararraba, har ake ce wa tasharta Sinnar Takaɗu', wato mahaɗar hanyoyi. Tafiye-tafiyen kuma duk masu nisa ne. Daga Khartum zuwa Fot Sudan ta Atbara kusan kilomita 800, zuwa Wadi Halfa fiye da 900, zuwa Niyala kuwa wajen 1,400. Tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad tashoshin ma ba su da suna sai lamba, daga ta ɗaya zuwa ta goma, domin babu gari babu kasuwa. A irin wannan hanya, dole hukumar jirgi ta san yadda za ta ciyar da mutanen da ta ɗauko.

Zamanin Da Bufe Yake Tashe

Hukumar jiragen ƙasa, wadda kowa ya sani da Sikka Hadid, mai hedkwata a Atbara, ba jirgin ƙasa kaɗai take gudanarwa ba a wancan zamani. Jiragen ruwan Nilu nata ne, tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan tata ce, haka kuma manyan otal-otal irin su Grand Hotel na Khartum da Red Sea Hotel na Fot Sudan da masaukin shan iska na Arkawit. Tana da sashe guda mai kula da ci da sha, wanda jama'a suka fi sani da suna Murattabat. Shi ke ɗaukar kuku da masu raba abinci, ya horar da su, ya rarraba su a otal da jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Ke nan hannun da ya koyi girki don manyan baƙin otal shi ne yake girki a cikin jirgi.

Taragon cin abinci, wanda ake ce wa bufe, kashi biyu ne: ƙaramin kicin a gefe ɗaya, ɗakin tebura a ɗaya gefen. Masu raba abincin, waɗanda ake kira sufuraji, suna sanye da farar jallabiya da rawani da ɗamara, kuma da yawansu mutanen Nuba ne na arewa, waɗanda suka yi suna a wannan sana'a tun daga nan har Masar. Tsarin cin abincin na Turawa ne, ana kawo shi daki-daki: a fara da shurba, a kawo kifi ko nama da dankali ko shinkafa, a biyo da ɗan abin zaƙi, a rufe da shayi ko gahawa. Kowane ci da lokacinsa, kuma wanda yake taragon kwana yana iya sa a kai masa shayi har ɗakinsa.

Abin da ya riƙe wannan tsari, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne agogo. Kicin ɗin jirgi ɗan ƙarami ne, ba ya ɗaukar kayan mako guda. A manyan tashoshi ake loda masa burodi da nama da kayan miya da ruwa da ƙanƙara, gwargwadon abin da zai isa zuwa babbar tasha ta gaba. Muddin jirgi yana isa kan lokaci, kuku ya san ko faranti nawa zai fitar, ya san kuma inda zai samu sabon kaya. Dattawa har yau suna cewa da kukan jirgi ake gyara agogo a ƙauyukan gefen dogo. Wannan tsare lokaci shi ne ginshiƙin farantin da ake yabo.

Mu Kuwa A Ina Muke Zama?

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, kada daɗin labari ya ɗebe mu. Jirgin Sudan hawa-hawa ne: akwai taragon kwana, akwai daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku, har da ta huɗu mai bencin katako. Manyan ma'aikatan gwamnati suna tafiya da takardar izini da ake kira tasrihi, kowa a darajar da muƙaminsa ya ba shi. Su da attajirai da baƙi su ne masu teburin bufe. Mai tsinkar auduga da masunci da almajiri da alhajin ƙasa, waɗanda su ne mafi yawan mutanenmu, a daraja ta uku da ta huɗu suke, kuma kuɗin ci ɗaya a bufe ya fi ƙarfin aljihunsu. Da yawa daga cikin masu yabon farin ƙyallen nan, ta taga suka gan shi.

Abincinmu na hanya iri biyu ne. Na farko guzuri, wanda Larabawa ke kira zuwwada. Su nasu busasshen burodin gargosh ne da dabino da tahaniyya da dafaffen ƙwai da soyayyar kaza. Mu kuma iyayenmu mata suna kwana suna haɗa abin da ba ya lalacewa da wuri: ƙuliƙuli, dakuwa, garin gero da za a dama a ƙwarya, soyayyar gyaɗa, busasshen nama ko busasshen kifi, ga goro a jiƙaƙƙen tsumma, ga buta, ga salkar ruwa. A tarago kuwa ba a cin abinci a ɓoye. Kowa ya kwance ƙunshinsa sai ya ce bisimilla, Bahaushe da Balarabe da mutumin Darfur su sa hannu a kwano ɗaya, kafin a kai tasha ta uku an san sunan juna.

Na biyu shi ne tasha. Da jirgi ya tsaya, kasuwa ta ci. Kosti ta yi suna da kifi, tashoshin arewa da dabino. A Sinnar da Wad Madani da sauran tashoshin yankinmu kuwa, ga masu shayi, ga masu ta'amiyya wadda ta yi kama da ƙosanmu, ga masu kisra da miya, sa'an nan ga mutanenmu da sana'o'in da duk Sudan ta san namu ne. Agashe, wato ɗan'uwan tsire, wanda ake barbaɗe shi da garin ƙuli da yaji, ta hannun Hausawa ya shiga bakin mutanen ƙasar nan. Haka godo-godo, wato furarmu da nono. Haka gyaɗa da tasali da 'yan mata ke ƙullawa. Ana miƙa kwano ta taga, ana miƙo kuɗi ta taga, yaro ya bi jirgi da gudu don karɓo ƙwaryar uwarsa. A taƙaice, dandalin tasha shi ne taragon cin abincin talaka, kuma mu muke girki a cikinsa.

Abin Da Ya Kashe Wutar Kicin

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa da dama ne suka taru suka kai bufe ƙasa.

Na farko, an rarraba hukumar. A farkon shekarun 1970 aka cire jiragen ruwan Nilu da tashar Fot Sudan daga hannun Sikka Hadid, aka yi musu hukumomi na kansu, otal-otal ɗin ma suka bar hannunta. Da wannan, hanyar da take samun ƙwararrun kuku ta tsinke, kuma ribar da wani ɓangare ke tallafa wa wani da ita ta tafi. Ciyar da fasinja a jirgi kuwa ko'ina a duniya ba ya cika mayar da kuɗinsa, sai an tallafa masa.

Na biyu, kwalta. A 1980 aka gama hanyar mota daga Khartum zuwa Fot Sudan, wadda ta bi ta Wad Madani da Gadarif da Kasala. Manyan motoci suka kwashe kaya, bas-bas suka kwashe fasinja, kuma waɗanda suka fara gudu su ne masu kuɗi, wato masu cin abinci a bufe. Mu ma ba a bar mu a baya ba, domin samarin garuruwanmu da yawa sun zama direbobi da yaran mota, wasu har suka mallaki nasu motocin. Ba laifi ba ne, neman halali ne, amma kowace mota da ta ɗauki buhun dawa ta rage wa jirgi kuɗin shiga.

Na uku, siyasa. Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Atbara ita ce mafi ƙarfi a ƙungiyoyin ƙwadagon Sudan, don haka gwamnatocin soja ba su taɓa sakin jiki da ita ba. A 1981 Shugaba Ja'afar Numairi ya murƙushe yajin aikinta da ƙarfi. Bayan juyin mulkin Umar Al-Bashir na 1989 kuma aka sallami dubban ma'aikata da sunan maslahar jama'a. Gwanintar da aka tara a shekaru masu yawa, daga ta makaniki har ta kuku, aka watsar da ita a ɗan lokaci.

Na huɗu, rashin kayan gyara. Ƙarancin kuɗin waje ya daɗe yana damun hukumar, sai ga takunkumin Amurka na 1997, wanda ba a ɗage shi ba sai a watan Oktoban 2017, alhali da yawa daga cikin kawunan jiragen ƙirar Amurka ne. Ƙarfen dogo ya tsufa, katakon ƙarƙashinsa ya ruɓe, a yankinmu mai baƙar laka kuma damina kan wanke ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, a arewa yashi ya binne shi. Dole direba ya riƙa tafiyar hawainiya.

A nan ne maganar agogo ta dawo. Jirgin da aka yi wa lodin kwana ɗaya, idan ya yi kwana uku a hanya, ƙanƙara za ta narke, nama ya lalace, burodi ya ƙare, ruwa ya yanke. Kukun da aka yi wa haka sau biyu ba zai sake yarda ya ɗauki ɗanyen nama ba, sai abin da ba ya ruɓewa. Shi ya sa waɗanda suka yi tafiya a shekarun 1980 da na 1990 suke ba da labarin cewa abin da ya rage a bufe bai wuce ful da adas da burodi da shayi ba, su ma idan an yi sa'a. Farin ƙyalle ya tafi, ɗamara ta tafi, fasinjojin da suka rasa wurin zama suka cika taragon, wasu kuma suna can bisa rufin jirgi. Ga hauhawar farashi da ta wuce kashi 100 cikin 100 a shekara a farkon shekarun 1990, wadda ta sa farashin da aka rubuta a takarda yau, kafin wata ya zagayo ba ya sayen ko gawayin girkin.

Wa Ya Yi Asara?

Babban ma'aikaci da attajiri ba su yi asarar komai ba, sun koma bas mai sanyi ko jirgin sama. Wanda ya rage a jirgin ƙasa shi ne wanda ba shi da zaɓi: mara lafiyar da ake kai wa asibitin Khartum, mace mai goyo, ɗalibi, ɗan ci-rani daga yamma mai zuwa tsinkar auduga ko yankan riɗi a Gadarif. Ko da can ba su ci a bufe ba, amma lalacewar da ta kashe bufe ita ce ta hana su ruwan sha mai tsabta a tarago, ita ce kuma ta sa guzurin kwana biyu ya ƙare alhali ba a kai rabin hanya ba. Mai azumi kuwa ya sha ruwa a dokar daji, inda babu mai sayar da ko dabino ɗaya.

Sai kuma masu sana'ar tasha. Macen da ke dama godo-godo tana lissafi ne da lokacin isowar jirgi. Idan an ce da la'asar, ya zo da tsakar dare ko ya kwana biyu bai zo ba, nono ya yi tsami, jari ya karye. Da jiragen fasinja suka yi ta raguwa, daga kullum zuwa mako-mako, daga nan zuwa shiru a rassa irin na Damazin, kasuwannin tasha suka watse. Masu ƙarfi sun bi kwalta, suka kafa tukubarsu a tashoshin mota da mararrabar hanyoyi. Amma bas yakan tsaya ne a gidan abincin da direba ya shirya da mai shi, kuma ba kowace tsohuwa ce za ta iya ɗaukar ƙwarya ta bar ƙauyenta ta koma bakin titi ba. Kuɗin da ake aurar da 'ya'ya da shi, ake sayen allo da littafi da shi, ake tara na Hajji da shi kaɗan-kaɗan, ya tsaya ba tare da an rubuta shi a wani rahoto ba.

Ba Sudan Kaɗai Ba

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai wannan abu ya sama. A Amurka, kamfanin Amtrak ya cire girkin gargajiya daga jiragensa na dogon zango na gabashin ƙasar a 2018 da 2019, ya koma ba da abincin da aka dafa tun a ƙasa ana ɗumamawa, don rage asara. Fasinjoji suka yi ta ƙorafi. A lokacin annobar korona ya yi haka a jiragen yamma ma, amma a 2021 ya mayar musu da kuku da tebur. A Japan kuwa, jiragen nan masu gudun tsiya sun daina jan taragon cin abinci tun shekarar 2000, amma matafiyi bai kwana da yunwa ba, domin suna da tsohuwar al'ada ta sayar da abinci a cikin ɗan akwati a tasha, wanda suke kira ekiben, kowane gari da irin nasa, har mutane kan yi tafiya musamman don ɗanɗana na wani gari. A Indiya, hukumar jirgi ta kafa kamfani na musamman a 1999 don kula da abinci da tikiti, daga baya kuma ta ba fasinja damar yin odar abinci ta waya daga gidajen abincin garin da za a tsaya, a kawo masa har kujerarsa.

Darasin da ke ciki a fili yake. Inda aka ga girki a cikin jirgi ya yi tsada, masu hankali sun mayar da ƙarfinsu ga tasha, suka tsara ta, suka tsabtace ta. Abin da Japan ke alfahari da shi, iyayenmu sun yi shekaru suna yin irinsa a Sinnar da ƙwarya da faifai, sai dai babu wanda ya taɓa ba su rumfa ko famfo.

Sabon Jirgi, Sai Kuma Yaƙi

A farkon 2014 aka ƙaddamar da Jirgin Nilu tsakanin Khartum da Atbara, sabbin taragai ƙirar Sin masu na'urar sanyi, daga baya aka ƙara irinsa zuwa Wad Madani. Jama'a sun yi murna, kuma sun cika shi. Sai dai tafiyar ta sa'o'i ce, ba ta kwanaki ba, saboda haka ba a gwada maganar girki da gaske ba. Akwai kuma abin da ya kamata a lura da shi: taragon da ke da na'urar sanyi tagoginsa a rufe suke. Tagar nan da ake miƙa agashe ta cikinta babu ita. Idan ba a yi wa masu sayarwa wani tanadi ba, sabon jirgi zai wuce su suna kallo.

Ƙaunar da mutanen Sudan ke yi wa jirgi kuwa ba ta mutu ba. Duniya ta gani a watan Afrilun 2019, lokacin da jirgin Atbara ya shigo Khartum maƙil da jama'a ciki da bisa, ya zo tallafa wa masu zaman dirshan, bayan boren da ya tashi a Atbara ɗin a Disambar 2018 saboda tsadar burodi.

Sai ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa, wato Da'amus Sari'. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun a Disambar 2023, Sinja a Yunin 2024. Sojoji sun ƙwato Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani a Janairun 2025, Khartum kuma a Maris na shekarar. Abin da mutanen Jazira da Sinnar suka gani a tsakanin nan, na kisa da wawashe dukiya da gudun hijira, ba sai mun faɗa wa mai karatu ba. Tashoshi da taragai da dogon kansa ba su tsira ba.

Kiranmu

Tunda dai gini za a sake, to gara a aza tubalin daidai. Kiranmu ga hukumar jiragen ƙasa da gwamnatocin jihohin Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu bai wuce guda biyar ba.

Na ɗaya, ruwa kafin komai. Kowane tarago, har na mafi arhar tikiti, ya samu ruwan sha mai tsabta da wurin wanke hannu. Wannan magana ce ta rai, domin kwalara ta ɓulla a jihohin Shuɗin Nilu da Sinnar a Satumbar 2019, ta kuma sake bazuwa a ƙasar daga Agustan 2024. Jirgin da ba shi da ruwa mai kyau zai riƙa ɗaukar cuta daga gari zuwa gari.

Na biyu, duk jirgin da zai kwana a hanya ya ja taragon abinci, amma na kowa da kowa. Ba mu neman ɗamara da cokali mai yatsu. Ful da adas da kisra da asida da shayi masu zafi, a farashin da aka manna a bango kowa yana gani, sun wadatar.

Na uku, idan za a ba ɗan kwangila aikin, a ba shi a fili, da wa'adi, da mai duba shi, kuma a samar wa fasinja inda zai kai ƙara.

Na huɗu, a gina rumfuna a manyan tashoshi irin su Sinnar da Wad Madani da Kosti, da famfo da inuwa, a yi wa masu sayar da abinci rajista da gwajin lafiya a kuɗi kaɗan, a fara da matan da suka gāji sana'ar, kuma a ba jirgi isasshen lokacin tsayawa don fasinja ya sauka ya saya, ko a bar masu rajista su shiga da kayansu a rufe.

Na biyar, a tsare lokaci, a kuma riƙa sanar da jama'a idan jirgi zai makara. Mu a gidajen rediyon al'umma a shirye muke mu karanta wannan sanarwa da Hausa da Larabci, don kada wata ta dama furarta a banza.

Mu ma akwai namu aikin. Sarakunanmu da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata su fara rubuta sunayen masu wannan sana'a tun yanzu, su haɗa kai, su je da murya ɗaya, domin ranar rabon rumfa wanda ba ya wurin ba a ajiye masa. Masu agashe da masu godo-godo kuma su riƙe tsabta, su rufe abinci, su yi amfani da ruwa mai kyau, kada a samu hujjar korarsu.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya sa mu ga ranar da jirgi zai sake tsayawa a tashoshinmu. Amin.